Inda Keken Ɗinki Ya Yi Shiru

A shekarar da yajin aiki ya rufe kasuwannin Douala, mahaifin Zulfa ya yanke shawarar komawa Garwa da iyalinsa. Maƙwabcinsu Idirisu, wanda ke ɗaukar sautin unguwa a kaset yana zana abin da ya ji, ya tarar da ita a ƙofar gidansu a New Bell tana ɗaure keken ɗinkinta.

Ya miƙa mata takarda. Babu fuska a ciki, sai layi ɗaya mai hawa da sauka, wanda ya yanke a wurare da dama.

"Wannan kuma fa, malam mai zane?"

"Ƙarar kekenki ce. Nakan bar rikoda a taga in fita."

"To, nan da ya yanke, tawada ce ta ƙare?"

Ya yi jim. "Nan ne nake wucewa ta ƙofarku."

Zulfa ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

"Zare ne ke tsinkewa," ta ce a hankali.

"Kullum?"

Ba ta ɗago ba. "Sai Juma'a za mu tashi, Idirisu. Kawunka bai san hanyar gidanmu ba ne?"