Talatar Malaz a Gidan Silima

Mahasin ta bari sai da 'yarta Malaz ta sha kwanar layin, sannan ta zura takalmi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta bi bayanta. Gwiwa na ciwo, murya a dishe kamar kowace safiya, amma yau sai ta ga ƙarshen wannan abu.

Talata ce ranar hutun Malaz daga asibitin haƙoran da take yi wa shara a Dokki. Tun bayan ƙaramar Sallah, duk Talata sai ta ɗauki wani mayafi mai kauri, cikin wannan zafi na Alƙahira, ta ce za ta kallon opera.

"Mene ne kuma opera?"

"Wasan barkwanci ne na Italiyawa, Yumma, da waƙa suke yin sa. A can aka ɗauka, ake haska mana a silima."

"To me ya faru a na wancan makon?"

Malaz ta yi hamma. "Wani tsoho ne dai. Ana ta guje-guje."

Mahasin ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ai ba yarinya ba ce. Wa zai riƙa ketawa tun daga unguwarsu Hay el-Sabi' har Wustul Balad, can tsakiyar birni, don wasan da ba ya iya ba da labarinsa? Ga idon yarinyar kullum jawur. Ga wuyan hannunta da shatin farce, wani ya warke, wani ɗanye. Da ta tambaya, sai aka ce mata turereniyar shiga jirgin metro ce.

Sannan ga Sabuwa, matar wani ɗalibi ɗan Kano, wadda bango ɗaya ya raba ɗakunansu. In sun haɗu a matakala sai ta karyar da kai ta ce, "Sannu Hajiya, Allah ya kawo sauƙi." Sauƙin me? Ita lafiyarta ƙalau. Da ta sa haƙarƙari a katifa sai kiran asuba, ta tarar Malaz ta riga ta dafa mata citta da zuma. Fanka ce kawai ke kama mata murya. Ke nan akwai abin da mutanen gidan suka sani game da 'yarta, ita ce dai ba ta sani ba.

Malaz ce kaɗai ta rage mata. Mijin ya daɗe da rasuwa. Ɗanta Munzir ya fita neman ruwa a Omdurman lokacin yaƙi, kafin su baro Sudan, har yau shiru. Ta riga ta yanke shawara: in namiji ne Malaz ke zuwa haɗuwa da shi, yau ɗin nan za ta kira Fadl, ƙanin uban yarinyar da ke Aswan, ya zo ya tafi da ita. Ita Mahasin ta zauna a ɗakin ita kaɗai. Khalas, shi ke nan.

Silimar tsohuwa ce, a wani lungu bayan masu sayar da takalma. Mahasin ta yanki tikiti tana sunkuyar da kai kamar mai sata. Ciki sanyi ƙalau, duhu, kujeru fayau. Wasu dattawan Masar da tabarau, da Turawa mata biyu. Ta hango Malaz can layin ƙarshe, jikin bango, kujerar kusa da ita babu kowa.

Ta zauna nesa, ta zuba wa ƙofa ido.

A majigi, wani tsoho mai tumbi da gemun ƙarya yana bin hularsa da gudu, wani kuku ya ɓuya ƙarƙashin tebur, wata mata ta dafe ƙirji ta saki murya tun ƙarfinta har kujeru na rawa. Dattawan suka kwashe da dariya. Mahasin ba ta ga abin dariya ba. Duk motsin ƙofa sai ta miƙa wuya. Wani ya shigo, ya wuce gaba. Wani ya leƙo, ya koma. Ƙafarta ta yi tsami, bayanta ya ƙage, kujerar nan tana nan babu kowa.

Da aka kunna fitilu don hutun tsakiya, ta miƙe da kyar ta nufi layin ƙarshe.

Malaz barci take. Ta cire takalmi, ta naɗe ƙafafu, ta ninke mayafin nan mai kauri ta yi matashi da shi, baki a ɗan buɗe kamar lokacin da take goye. Zuciya ta ɗebi Mahasin. Duk wannan wahala don barci? Ta miƙa hannu za ta girgiza ta.

"La, la, ya Hajja."

Wani tsoho ne mai tocila, mai nuna wa mutane kujera. An rubuta Jamal a aljihun rigarsa. Ya yi ƙasa da murya.

"Ma'alish, yi haƙuri, kada ki tashe ta. Ni nake tashinta in an gama. 'Yarki ce?"

Kunya ta rufe Mahasin. A ce uwa ta biyo 'yarta har silima, fuska a rufe?

"Maƙwabciyarsu ce ni," ta ce.

"To kin san halin da ake ciki." Ya kalli yarinyar ya girgiza kai. "Na ce mata, ya binti, cikin wannan ihun Italiyawa kike barci? Ta ce wannan ai waƙa ce, Ammu. Uwarta, miskina, tun da suka baro Sudan, kullum cikin barci sai ta yi ta kururuwa tana kiran ɗanta, ta damƙe hannun yarinyar nan har asuba. Gari na wayewa ba ta tuna komai, yarinyar kuma ta hana kowa ya faɗa mata." Ya kashe tocilar. "Amma me zan gaya miki, Hajja, ke da kike jin ta ta bango?"