Hoton Ciyaman

Ciyaman bai gama shigowa ɗakin ba ya fara hararar kyamarar. Tsohuwar kyamara ce, an naɗe murfin batirinta da salatif. Ya ce shi mai ɗaukarsa hoto, ruwan tabaran kyamararsa kaɗai ya fi hannun mutum tsawo.

Mai hoton ta ci gaba da gyara fitila. Ta gane shi tun daga muryar. Shi ne ya kore ta ranar buɗe kamfaninsa, a gaban manyan baƙi, ya ce ba za a ɗauki fuskarsa da gwangwanin kifi ba. Maganar ta zaga gari, masu biki suka daina kiranta, har ta rufe shagonta ta nemi aikin albashi. Shi kuwa yanzu ko alamar tuna ta bai yi ba.

Ta ce ya cire hula. Ya cire, sanƙo ya ɗauki haske. Ta ce ya matsa jikin farin bango. Ya matsa yana ƙunƙuni, wai wancan yaron nasa mai hoto yakan rage masa tumbi da kwamfuta, ya goge masa kumburin ƙasan ido, ya mayar da shi saurayi.

"Nan ba ma rage komai, Yallaɓai," in ji ta. "Ɗaga haɓa. Kada ka yi murmushi."

Da ma babu murmushin. Ta rage hasken hagu, ta jira har ya gaji da haɗiye ciki ya sake shi, sannan ta danna. Ta ce ya juya gefe, ta ƙara dannawa.

Ya nemi ya gani. Bai kamata ta nuna masa ba, amma ta juya masa kyamarar. Ya daɗe yana kallo. Ga kumatun, ga gumin, ga ƙananan idanun nan masu lissafi. Ya ce a hankali, rabonsa da ganin kansa sak haka tun yana yaro, ashe gwangwanin yana aiki.

"Hannu ne, Yallaɓai."

Ya gyara murya, ya tambaya ko za a wanke masa babba guda, na bangon ofis.

Ta ce ya tambayi Kofur, ga shi nan bakin ƙofa da ankwa yana jira a gama a mayar da shi sel.