Yarinyar Ɗakin Madam

Kunu ya huce a hannun Ɗan'azumi, kunnensa na manne da katanga. Muryar Madam ce kuma, malamar lakwal, wato makarantar boko, da ya ba hayar ɗakin baya, Kiristar nan da aka turo daga Maraɗi.

"Tashi, Rifkatu, raguwa kawai! Wa ya ce ki kwanta? Share hawayen nan. Ubangijin da ya riƙe ki jiya, barci yake yau?"

Sai shessheƙa ƙasa-ƙasa.

Shi fa, ko akuya aka kawo unguwar nan ta Matameye, kafin ta yi kuka ya san mai ita. A ce an ɓoye mutum a cikin gidansa, ko takalminta bai taɓa gani ba? Ai wannan cin fuska ne.

Ya sa ido. Madam takan fita da safe ta datse ƙofa da kwaɗo. Cefanenta bai wuce na baki ɗaya ba. Ita kanta kullum ramewa take. Ranar Lahadi ta hau mota zuwa majami'a a Damagaram, ita kaɗai. Ya lallaɓa ya ƙwanƙwasa taga. "'Yata, kina ciki? Ga fura." Shiru.

Matarsa Sadiyya ta ce, "Malam, ka tambaye ta mana."

"Ni? Da girmana a ce ina laɓe?"

Washegari faɗan ya fi na kullum. "Ba za ki mutu a ɗakin nan ba, Rifkatu, kin ji ko? Ko da jan ciki ne sai kin fita!"

Bai tsaya neman hula ba. Ya dawo da mai unguwa, mata na leƙe ta zaure.

Madam ta buɗe, idanu jawur. Tabarma ɗaya, kwano ɗaya, hoton wani mutum jingine da bango.

"Ina yarinyar?" in ji mai unguwa. "Ina Rifkatu?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Da aka binne mijina, fastonmu ya ce kada in zauna ina sauraron zuciyata. Ni zan riƙa yi mata wa'azi, da baki, ina kiran sunana." Ta gyara ɗankwali. "Tun zuwana kowa Madam yake ce min. Baba, yau ne na fara jin sunana a bakin wani a garin nan."