Muryar Motar Garland

Tun kafin Darlene ta ɗaga ƙofar garejinta Garland Pruitt ya iso, motarsa na ɗaure a kan tirela, lulluɓe da tamfol. Tafiyar awa uku ya yi daga Kentucky, ya ƙetare kogi zuwa Ohio, alhali akwai masu gyaran salansa har biyu a garinsu.

Da aka yaye tamfol, Darlene ta yi fito. Chevelle ce ƙirar 1970, ja jawur, mai silinda takwas. Darlene ta haura shekara sittin, rabin shekarun nan kuwa a ƙarƙashin motoci ta yi su. Ta ɗaga motar, ta haska tocila. Bututun hayaƙi biyu sun miƙe daga inji zuwa baya, wani gajere ya haɗa su a tsakiya kamar harafin H.

"Malam, me ka ce in yi wa wannan? Ai lafiyarta ƙalau."

"Ki cire shi. Muryarta nake so ta canja kafin Asabar."

Asabar, jibi ke nan. Ranar za a jera tsofaffin motoci bakwai na garinsu a filin bayan majalisa, a tayar da su ɗaya bayan ɗaya, tsoho Elwood Tackett ya saurara. Ciwon sukari ya tafi da idanun Elwood shekara goma da suka wuce, amma kafin nan shi ne bakaniken garin, shi ya haɗa wa motocin nan bakwai bututunsu. Kowa ya san kunnensa ba ya kuskure. Kwana huɗu ke nan Garland bai ci abin kirki ba saboda kunnen nan.

Darlene ta zana masa zaɓi a bayan kwali. In an bar H, motar za ta ci gaba da gurnaninta mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji. In an sa mahaɗi mai siffar X, inda bututun biyu ke gittawa, muryar za ta yi sama, ta yi kaifi kamar ta motar tsere. In kuma an raba su kwata-kwata, sai tatsatsa da ƙara.

"Wanne ya fi nisa da yadda take yanzu?"

"X mana. Amma sa wa tsohuwar nan X kamar a sa wa kakata takalmi mai tsini ne. Alƙalan gasar motoci dariya za su yi maka."

Garland bai yi dariya ba. Wayarsa ta yi ƙara karo na biyar, daga wurin aiki. Ya kife ta a kan benci.

Darlene ta shafa gefen dama na gaban motar, ta shinshina yatsanta. "Sabon fenti. Me ka buge?"

"Barewa," in ji shi.

Ta yanke tsohon bututun da zarto, ya faɗo ƙasa. Garland ya ɗauke shi da kansa, ya kai bayan gareji, ya cusa shi can ƙarƙashin tulin ƙarafa. Har azahar yana tsaye yana kallon tartsatsin walda, kofin gahawa ya huce a hannunsa bai kurɓa ba.

Da aka tayar da ita, gurnanin ya tafi. Wata murya ce siririya mai amo, wadda bai taɓa ji ba. Ya runtse ido, ya ce a sake. Aka sake sau huɗu.

"Mai kunne zai gane ta?"

"Inji dai yana nan yadda yake, Malam. Ka canja wa mutum riga ne, ba ka canja masa tafiya ba."

Ya ce a canja tukwanen salansar ma. Ta ce ba ta da irinsu sai Litinin. Ya kama hannunta, mutum mai shekara hamsin da biyar, ya ce, "Madam, don girman Allah." Ta dube shi, ta ɗauki waya, ta sa aka kawo daga garin gaba. Kafin ya tafi ya tambaya ko ƙyallin sabon ƙarfen zai dushe. Ta ce ya bar injin ya yi awa biyu yana aiki, zai yi duhu da kansa.

Ranar Asabar filin ya cika, amma ba kiɗa, ba masu gasa nama. Aka zaunar da Elwood a kujera, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa. Mota ta farko ta yi gurnani, tsohon ya girgiza kai. Ta biyu, ta uku. A ta shida hawaye ya zubo masa.

"Sun cakuɗe mini," ya ce. "Duk aikin hannuna ne, duk murya ɗaya. Ba zan iya ba, jama'a."

Garland ya ji numfashinsa ya dawo. Da ya sani, da ko taɓa motar bai yi ba. Saura tasa. Ya shiga, ya murɗa makulli, sabuwar muryar ta tsaga filin.

Elwood ya ɗago kai. Ya daɗe yana saurare, sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya juyo da fuskarsa daidai inda motar take.

"Wannan ba aikina ba ne. A faretin watan jiya da muryata ta wuce." Ya nuna motar da sandarsa. "Garland, kai ne shugaban 'yan sandanmu. Kai ka riƙe hannuna a bakin kabari, ka rantse sai ka nemo wanda ya kaɗe matata ya gudu. Gurnanin motar da ta kaɗe ta na zo saurara yau. To, me ya sa a duk garin nan motarka ce kaɗai ta canja murya?"