Safa a Ƙafa Ɗaya

Pak Darsono, wato Malam Darsono a yarensu, da ƙafafunsa yake ci. Keken ɗaukar fasinja, irin wanda ake takawa da ƙafa, yake tuƙawa a gaban kasuwar garinsu da ke tsibirin Jawa. Yana da ciwon suga, don haka duk wata yakan je ƙaramin asibitin unguwa karɓo magani.

Da damina ruwa ya cika tituna, ya taka fasasshiyar kwalba a cikin taɓo, bai ma ji ba, don sugan ya kashe masa jin ƙafa. Matarsa Bu Lastri, wato Malama Lastri, ce ta ga ciwon a tafin ƙafarsa. Ta dandaƙa ganye ta ɗaure masa, amma bakin ciwon sai ƙara baƙi yake yi.

"Gobe ka nuna wa likita, Pak," in ji ta. "Na san halinka. A kasuwa bakinka ya fi rediyo, a gaban likita kuwa sai ka koma kifi."

Ya yi dariya, ya ce zai nuna.

Washegari ya tuɓe takalmansa a ƙofar asibitin kamar kowa, ya shiga da safa a ƙafa ɗaya.

Likita Bagas ba mugun mutum ba ne. Kwamfuta aka kawo musu, aka ce kada mara lafiya ya fita sai an gama shigar da bayaninsa, ga layi har bakin titi. Sai ya samo hanyar sauri: ya kwafo bayanin watan jiya, ya canza kwanan wata da awon jini, shi ke nan.

"Babu wani sabon abu dai ko, Pak?" ya tambaya, idonsa na kan kwamfutar.

Tun yana yaro aka koya wa Darsono cewa ba a katse babban mutum yana cikin aiki. Ya turo ƙafar gaba kaɗan. Ya yi gyaran murya. A ransa ya ce da likita ya ga safar, shi da kansa zai tambaya. Yatsun likita suka ci gaba da ƙwanƙwasa.

"Babu komai, Likita."

A kwamfutar kuwa, layin watan jiya ya sake zama daram: ƙafafu lafiya.

A gida ya gaya wa matarsa likita bai ce komai ba. Hankalinta ya kwanta, ta ci gaba da ɗaura ganye.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafar ta fara wari. A babban asibiti aka ce da an gani tun farko, wanki da magani sun isa. Suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Keken yana nan jingine a bayan gida, tsatsa na ci.

Da ya samu sauƙi, Bu Lastri ta raka shi karɓar magani. Takalmi ɗaya ya ajiye a ƙofa.

"Babu wani sabon abu dai ko, Pak?"

Ƙarar sandar dogarawa ce ta sa likita ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallon ƙafar wandon da aka naɗe aka soke da fil, hannunsa a sanƙare bisa kwamfutar.

Ma'aikacin lafiya, ka dubi mutum kafin ka cike bayaninsa, kada ka rubuta abin da idonka bai gani ba. Kai kuma mara lafiya, ka faɗi ciwonka ko da ba a tambaye ka ba.