Ɓarauniyar Labarin Keziya

"An rufe min sabon shafina!" Keziya ta faɗa, tana kallon wayarta.

Tun da ta fara rubutu, a manhaja ɗaya take sayar da littattafanta. Ƙawarta Chinelo ta Sabon Gari ta ce kada ta dogara da wuri guda, sai ta ɗora labarinta a wata manhajar, da sunan aro. Yanzu an kai ƙara wai sato shi ta yi.

Tana cikin kuka mamanta ta iso daga Samaru, tana fara'a.

"Share hawayenki, 'yata. Ai ni ma na ga ɓarauniyar da ta kwashe labarinki. Duk 'yan zumuntar mata na sa suka kai ƙararta, an rufe ta!"