Wadda Ake Cinyewa

Gonarmu ta bakin gulbi aka ƙwace lokacin aikin dam ɗin Bakolori, kuma har yau ban yafe ba. Ranar da masu awon ƙasa suka shiga cikinta, ni da Baba muka biyo ta bayan gidajen Turawan kamfanin da ke aikin dam ɗin da la'asar. Cikin shingen waya, mata biyu na buga ƙwallon tanis. Ana ta cinye ƙaramar. Ta faɗi, gwiwarta na jini, ta miƙe ta koma wurinta. Baba ya tsaya, yatsunsa cikin wayar.

Na ce, "Baba, mi ya hana ta bari?"

Ya ce, "Ɗiyata, ita in ta tashi akwai mai ƙirga mata. Mu wa zai ƙirga muna?"

Yanzu jikokina kan kunna mini gasar manyan 'yan wasan tanis a talabijin. Ban san dokokin ba, amma kullum ina bayan wadda ake cinyewa.

Washegarin ranar da muka tsaya bakin shingen nan, da gari ya waye na tafi gonar ni kaɗai, na tumɓuke turken da masu awo suka kafa na jefa gulbi.